Neman Ido ga Na'urar Ɗaukar Littattafan Zango

A ƙarshen daminar bara aka kira mu wani gida a Aboabo, nan Kumasi, domin mu taya magada buɗe akwatin mahaifinsu. Malami ne, ya daɗe da rasuwa, ɗakinsa kuma a kulle yake tun bayan sadakar arba'in, saboda babu wanda ya ga ya isa ya taɓa kayansa. Akwatin ƙarfe ne irin wanda alhazan da suke dawowa da shi. Gafaka bakwai muka tarar a ciki. Uku na sama lafiya lau suke. Da muka ɗaga ta huɗu sai tadarishin ya taso shi kaɗai a hannu, fallayen da ke cikinsa sun koma ƙasa. Gara ce ta shiga ta inda tsatsa ta huda gindin akwatin, ta yi shekaru tana aikinta babu mai tanka mata. Babban ɗan marigayin ya tsuguna yana tsintar guntaye, ya karanta kalma ɗaya a nan, rabin baiti a can. Babu wanda ya ce uffan har muka fito.

A ranar muka ƙudura cewa za mu haɗa na'urar ɗaukar hoton littattafai da hannunmu. Ba mu da yawa: malamin Islamiyya ɗaya, mai gyaran waya, kafinta, da ɗalibai biyu da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah. Katako bai ba mu wahala ba, kafintanmu ya gama nasa cikin kwana uku. Sandar ƙarfen da za ta riƙe kyamara wani mai walda a Suame Magazine ya lanƙwasa mana ita kafin mu gama cin abincin rana. Gilashi kuwa ko'ina akwai masu yanka shi. Abin da ya tsayar da mu wata da watanni abu ne da bai kai farcen ɗan yatsa girma ba, wato ƙwayar idon kyamara. Labarin nemanta ne muke so mu ba 'yan uwa na sauran zanguna, da ra'ayin da muka fito da shi daga ciki, don kada wani ya sake bin doguwar hanyar da muka bi.

Wannan ƙwayar ido, wadda masu gyara ke kira sensa, ɗan falle ne na siliki da aka jera miliyoyin ƙananan ɗigo a kansa. Kowane ɗigo yana auna hasken da ya faɗo masa, ya mayar da shi lantarki, sai a tattara ma'aunan su zama hoto. Iri biyu ne manya. Na farko shi ne CCD, wanda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Amurka a 1969, har aka ba su lambar Nobel a kansa a 2009. Na biyu shi ne CMOS, wanda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a farkon shekarun 1990 a wani ɗakin bincike na hukumar sararin samaniyar Amurka, shi ne kuma ke cikin kowace wayar da ke aljihunmu a yau. Kamfanonin da ke ƙera shi ba su taka kara sun karya ba wajen yawa: Sony na Japan ke da kaso mafi tsoka, sai Samsung na Koriya ta Kudu, sai OmniVision da wasu 'yan kaɗan. Maƙerin Suame zai iya ƙera maka kusan kowane ƙarfe da ke jikin mota idan ka kawo masa samfuri. Wannan kam babu maƙerar da za ta fitar da shi a duk faɗin ƙasarmu. Dole a saya, ko a ciro daga jikin wani abu.

Tunaninmu na farko shi ne mu ciro. Duk wanda ya san Adum, ko layin Tip Toe da ke Circle a Akara, ya san irin tulin matattun wayoyin da ke kan teburan masu gyara. Allon wayar ya fashe, ko batir ya kumbura, amma kyamarar ras take. Mai gyaran wayarmu ya kawo mana su cike da gwangwanin madara, wasu ma na wayoyi masu tsada. Muka yi murna kamar mun tsinci dami a kala. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Kyamarar waya ba ta magana da kowa sai da ƙwaƙwalwar wayar da aka haɗa su tare. 'Yar siririyar wayar da ke fita daga jikinta tana ƙarewa ne da baki mai haƙora kamar gashin ido, kuma kowane kamfani da yadda ya jera nasa. Ko ka yi sa'a ka gano jerin, sai ka san ɗaruruwan lambobin da ake aika wa ƙwayar kafin ta buɗe ido, lambobin nan kuwa suna cikin takardar bayanin da masu ƙerawa ba sa bayarwa sai ga manyan kamfanonin da suka sa hannu a kan alkawarin riƙe sirri. Mun ƙona guda huɗu da dalma kafin mu haƙura. Sauran suna nan cikin gwangwaninsu.

Daga nan muka koma wajen 'yan gwangwan, waɗanda a nan muka fi kira 'yan kwandem, muna neman tsofaffin sikana na ofis, irin masu murfi da ake kifa takarda a kan gilashi. Tun da aka rushe kasuwar Agbogbloshie a watan Yulin 2021 kayan suka warwatsu, sai ka bi yara masu tura baro ɗaya bayan ɗaya. Mun samu uku. A cikinsu muka koyi wani bambanci da ya kamata duk mai wannan niyya ya sani. Sikana siririya mara nauyi, wadda ke ɗaukar wuta daga jikin kwamfuta, galibi tana aiki ne da wani dogon sanda mai suna CIS da ke tafiya dab da gilashi. Ganinsa gajere ne ƙwarai. Abin da ya ɗaga daga gilashin ko da kaurin kwali ne, sai ya fito dishi-dishi. Mai kauri da nauyi ita ce ke da CCD da madubai a ciki, tana kuma iya hango abin da ya ɗan ɗaga. Takardar da ta sha damina saba'in a Kumasi ba ta kwanciya sumul, ta yi tudu da kwari kamar gonar doya. Kafin ka sa ta kwanta sai ka danne ta da murfi, idan ka danne ta kuma sai gefenta ya kakkarye, tawadar da ta riga ta bushe ta ɓanɓare ta manne a gilashi. Mun gwada da falle ɗaya da mai shi ya yarje mana, muka ga jan wasali ya rage a kan gilashin kamar garin barkono. Ba mu ƙara ba.

Sai muka ce to bari mu yi oda daga waje. Akwai wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu da ake kira Raspberry Pi, da ake ƙerawa a Birtaniya, tana da kyamarori nata da aka yi musamman don masu ƙere-ƙere a gida, an kuma bayyana yadda ake sarrafa su ga kowa. Ta farko ta fito a 2013 da ɗigo miliyan 5. Ta biyu a 2016 da ƙwayar Sony mai lamba IMX219, ɗigo miliyan 8. A 2020 aka fitar da babbarsu mai IMX477, ɗigo miliyan 12 da ɗoriya, wadda ake ɗaura wa gilashin ido irin na kyamarar tsaro, a kan dala 50. Wannan farashin can ne. Kafin kaya ya iso hannunmu sai an biya jirgi, an biya kwastan, an biya wanda ya ara mana katin bankinsa, sannan a yi lissafi da sidi, wadda duk muka ga irin dukan da ta sha a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a watan Disamba. Ita kanta 'yar kwamfutar ta yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba a 2021 da 2022, har masu ɓoye kaya suka riƙa ninka kuɗinta.

Don mu rage kashe kuɗi muka saya daga wani ɗan kasuwa a intanet da ya fi kowa araha. Araha ba ta ado. Bayan mako bakwai kunshin ya iso, muka haɗa, sai kwamfutar ta shaida mana cewa abin da aka rubuta miliyan 8 a kwalinsa miliyan 5 ne. Oda ta biyu kuskuren namu ne. Mun zaɓi wadda ta fi sauƙi ba tare da mun lura cewa an cire mata ɗan gilashin da ke tare hasken da idon mutum ba ya gani ba, wanda ke can bayan ja. Irinta don ganin dare aka yi ta. Da rana duk abin da ta ɗauka sai ya fito da wani shuɗi-shuɗi mai ratsin ja, takarda ta zama kamar an jiƙa ta da zoɓo. Wannan kuskure dai ya koya mana wani abu da ba mu nema ba: a ƙarƙashin irin wancan haske tawadar da aka yi da gawayi ko zunzurutun baƙin tukunya tana nan baƙa ƙirin, ita kuwa wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe sai ta koɗe. Wata rana hakan zai taimaka wajen gane inda hannu na biyu ya yi ƙari a kan na farko. Amma a lokacin takaici kawai muka ji.

Wata bakwai suka wuce a haka, ba mu ɗauki ko falle ɗaya ba. A cikin watannin nan aka yi wata daminar.

Malamin Islamiyyarmu ne, wanda bai san komai game da lantarki ba, ya yi tambayar da ta warware mana ƙulli. Ya ce shin wannan hoton na'ura da muke kwaikwayo, don wane irin littafi aka yi ta? Muka duba. Samfurin da kowa ke bi na wani ɗalibi ne Ba'amurke, Daniel Reetz, wanda a 2009 ya wallafa yadda ya haɗa tasa da tarkacen bola da ƙananan kyamarori biyu na Canon, a kan kuɗin da bai wuce dala 300 ba. Aiki ne mai kyau, dubban mutane sun amfana da shi. Sai dai littafinsa ɗinkakke ne, mai ƙashin baya, wanda ba ya buɗewa sosai sai an karya shi. Shi ya sa ya yi masa gado mai kwari a tsakiya, da gilashi biyu da ke sauka su danne shafuka, da kyamara biyu da dole su zama tagwaye su kuma ƙifta tare. Littafin kakanninmu ba haka yake ba. Daga Tumbuktu har Barno, daga Kano har Salaga, fallaye ne warwara, ba ɗinki ba manni, a tara su tsakanin kwali biyu, a naɗe da tadarishi, a zura a gafaka. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon falle na gaba. Falle ɗaya kake ɗauka, ka shimfiɗa a kan baƙin ƙyalle, ka ɗauka, ka juya, ka ɗauka. Ba a bukatar gado mai kwari, ba a bukatar gilashi, kyamara ɗaya ta wadatar. Rabin wahalar da muka sha ta neman tagwayen ido, maganin ciwon da ba mu da shi muke nema.

Sai muka zauna muka yi lissafin da ya kamata mu fara da shi. Ma'ajiyoyin tarihi galibi ba sa karɓar hoton da ya gaza ɗigo 300 a kowane inci. Takardar ofis ta A4 a wannan ma'auni tana cin ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato ƙasa kaɗan da miliyan 9. Fallayenmu kuwa yawancinsu ba su kai A4 ba. Waɗanda muka auna a akwatin Aboabo tsawonsu bai wuce santimita 22 ba. Ƙwaya mai miliyan 12 tana da ɗigo wajen 4000 a dogon gefenta. Idan ka raba a kan fallen, ka bar wuri a gefe don ma'auni, za ka samu ɗigo 400 ko fiye a kowane inci. Ko mai miliyan 8 ta haye 300. Ashe abin da muke ta nema a Shenzhen yana rataye a shagunan masu sayar da kayan gwanjo a Adum, cikin jikin ƙananan kyamarorin aljihu da mutane suka yar tun da waya ta karɓe musu aiki.

Ga ra'ayinmu ke nan, kuma mun tsaya a kansa: kada ɗan zango ya ɓata kuɗinsa da lokacinsa wajen neman ƙwayar ido tsirararta. Ya sayi kyamara sukutum, ta hannu, wadda idan ta mutu gobe zai samu irinta a kasuwar garinsu kafin la'asar. A cikin kyamara an riga an aurar da ƙwaya da gilashinta da ƙwaƙwalwarta, an kuma rufe su daga ƙura. Wanda ya taɓa buɗe ƙwayar ido a cikin hunturu ya san abin da muke nufi. Ƙwayar ƙura ɗaya tak za ta zauna a wuri guda a kan hoto dubu. Ƙananan Canon ɗin nan na da suna da wata fa'ida: akwai manhaja ta kyauta mai suna CHDK da ake sawa a katin memori, wadda ke ba ka ikon kulle haske da nisa, ka kuma ɗauki hoto da maɓalli a ƙarshen waya ba tare da ka taɓa jikin kyamarar ta girgiza ba. Wanda ya fi ƙarfi ya nemi tsohuwar kyamara ta masu ɗaukar hoton biki, ko da ta shekara goma ce. Wanda kuma ya riga ya mallaki Raspberry Pi, to ya haƙura ya sayi ta gaskiya daga dillali sananne, ya kuma kula da gilashin da zai ɗaura mata, domin yawancin na kyamarar tsaro da ake samu a nan an yi su ne don ɗigo miliyan 2 ko 3, gajeren cikinsu kuma yana lanƙwasa layi a gefe kamar an rubuta a jikin ƙwarya. Mai milimita 16 ya fi, sai a ɗaga shi kimanin santimita 65 daga fallen.

Waya fa? Wannan ce tambayar da aka fi yi mana. Waya tana yi, da sharaɗi. Kada lambar da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Yawancin masu cewa miliyan 48 ko 50 suna haɗe ɗigo huɗu ne su zama ɗaya, abin da ke fita miliyan 12 ne. Wannan ba laifi ba ne, ya ishe mu. Matsalar ita ce wayar an horar da ita ta gyara fuskar mutum, ta goge tabo, ta ƙara kaifi, ta wanke duk abin da ta ɗauka datti ne. A wajenta ɗan ɗigon tawadar da ya koɗe datti ne. A rubutunmu kuwa ɗigo shi ne magana. A hannun Magaribi da malamanmu ke rubutu da shi, fa'un ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. Tsakanin "fara" da "ƙara", tsakanin "fasa" da "ƙasa", babu komai sai wurin da ɗigon ya zauna. Ɗigon imala da ke ƙarƙashin baƙi shi ke raba "gari" da "gare". Idan waya ta share shi, ta canja abin da marubuci ya faɗa, kuma wanda zai karanta bayan shekara hamsin ba shi da asali da zai koma wa. Saboda haka mai aiki da waya ya nemi manhajar da ke barinsa ya kashe duk wannan kwalliya, irin su Open Camera, ya kulle haske da launi, ya ɗaure wayar a sanda, kada ya riƙe da hannu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, da muka samu idon, sai muka gane fitila ta fi shi muhimmanci. Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a ƙasashenmu baƙaƙensa da tawada ɗaya, wasullansa da ja, hamzarsa ɗigon rawaya, ga zayyana a kan kowane hizbi. Ƙwan fitila mai araha yana da ƙarancin ja a haskensa, sai jan wasali da ruwan ƙasan tsohuwar tawada su kusa zama ɗaya. A nemi wanda aka rubuta lambar ingancin launi 90 ko sama a jikinsa. A sa biyu, dama da hagu, kowace ta karkato rabi tsakanin tsaye da kwance, don kada ƙaron da ke cikin tawada ya yi ƙyalli. Wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, fitila mara kyau kuma tana ƙyaftawa sau 100. Ido ba ya gani, amma kyamarar da ke karanta hoto layi bayan layi tana fitar da shi a matsayin ratsi-ratsi. Da muka koma kan batirin babur mai bolt 12 sai ratsin ya ɓace, muka kuma huta da dumsor. A gefen kowane falle muna ajiye rula da ɗan kwali mai ruwan toka. Sau ɗaya a kowane littafi kuma muna haska falle daga baya don tambarin da ke cikin takardar ya fito. Sau da yawa jinjirin wata uku ne a jere, alamar takardar da aka yi a arewacin Italiya aka ratso da ita Sahara, tambarin kuwa yana taimaka wa masana su kimanta shekarun littafi.

Mun san akwai masu cewa wannan duk wasan yara ne, aikin ƙwararru ne, a bari hukumomi su zo da kayan miliyoyi. Ba mu raina maganarsu ba, don akwai gaskiya a ciki. Hannun da bai iya ba yana iya yi wa takarda ɓarnar da gara ba ta yi ba, kuma wanda ya hargitsa jerin fallaye warwara ya yi ta'adi babba. Ba ma musun alherin da hukumomi suka yi. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, da ƙoƙarin irin su Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo, ta bi gari-gari tana aron littattafai, ta kwafa, ta mayar wa masu su; da ba don haka ba, da yawa daga rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Karachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, da sai dai labari. Shirin ɗakin karatu na Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, ya yi aiki mai yawa a Jenne ta Mali da arewacin Najeriya, ƙa'idarsa kuma ita ce asali ya zauna a ƙasarsa. Duk wanda ya samu hanyar neman irin wannan tallafi, ya nema.

Amma mu dubi yadda takardunmu suka saba ɓacewa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa malaman garin da 'yan kasuwarsa, kowa ya ɗauki abin da ya iya. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwan Volta ya haɗiye tsohon garin Kete-Karachi, mutane suka yi ƙaura da gaggawa. A ƙarshen 1969 dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta ba iyayenmu da yawa mako biyu su bar ƙasa. Wanda aka ba mako biyu ya tattara rayuwar shekara arba'in, akwatin littattafai nawa zai ɗora a mota? Tsofaffin rubuce-rubucen Musulmin Kumasi da aka fi sani ma suna Kofanhegan ta ƙasar Denmak, tun bayan yaƙin Katamanso na 1826. Waɗannan manyan masifu ne da tarihi ya rubuta. Ƙananan kuwa, rufin da ya yi yoyo, gobarar risho, ɓera, magajin da ya ga tarkace ne ya ƙona don kada sunan Allah ya wulaƙanta, waɗannan kullum suke faruwa, babu mai ƙirga su. Hukuma tana zuwa ne inda aka san akwai babban suna. Malamin unguwa da ya kwafe Ishiriniya da hannunsa, ya rubuta a gefe ranar da aka haifi 'ya'yansa, da bashin goron da yake bin wani a Salaga, da waƙar ta'aziyyar malaminsa cikin ajami, babu wanda zai rubuta takardar neman tallafi dominsa. Mu kuwa da muke tsiraru a ƙasar nan, waɗanda har gobe ake tambayarmu yaushe muka zo, waɗannan rubuce-rubucen gefen shafi su ne shaidar cewa kakanninmu a nan suka haihu, a nan suka yi ciniki, a nan aka binne su. Jiran hukuma a kansu jiran gawon shanu ne.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan, wanda ya shafi zaɓen ido kai tsaye. Dattawanmu ba sa barin littafi ya fita daga gida, kuma suna da hujja. Kusan kowane gidan malamai yana da labarin wanda ya zo ya ari littafi da alkawarin mako guda, har yau shiru. Wasu kundayen kuma sirrin gida ne, na magani da addu'a, ba a yi su don a gan su a WhatsApp ba. Saboda haka na'urar ce za ta je wajen littafi, ta shiga zaure, a kafa ta a gaban mai shi, ya ga kowane falle da idonsa, ya ce wannan a ɗauka, wannan a tsallake. Idan an gama a miƙa masa katin memori a hannunsa, shi zai ce ko a bar wani kwafi a masallaci ko a makaranta, ko kada a bari. Na'urar da za ta yi wannan dole ta shiga jaka, ta hau babur, ta yi aiki babu wutar gwamnati, idan ta lalace kuma yaron unguwa ya gyara. Ƙwayar idon da sai an jira ta mako bakwai daga ƙetare ba ta dace da wannan aiki ba, komai kyanta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba mu ce mun gama gano komai ba. Ajiyar hotunan kanta wata dawainiya ce: hoto ɗaya mai ɗigo miliyan 12, idan ba a matse shi ba, yana cin wajen megabait 36, littafi mai falle 300 kuwa hoto 600 ke nan, sama da gigabait 20. Katin memori na jabu ya cika kasuwa, faifan ajiya kuma yana mutuwa ba sallama, shi ya sa muke ajiye kwafi biyu a gidaje biyu. Laimar Kumasi tana sa gilashin kyamara ya yi fumfuna, don haka muna kwantar da ita cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Littattafan ɗab'i masu ɗinki, irin bugun Kano da Zariya da Alƙahira da suka cika kantocin malamanmu, su kam suna bukatar gado mai kwari, kafintanmu kuma ya fara auna katakonsa.

Kyamarar da muke aiki da ita yanzu wata ƙaramar Canon ce mai ɗigo miliyan 12, murfin batirinta da salatif aka ɗaure shi. Mun sayi biyu a rana ɗaya, ɗaya tana aiki, ɗaya tana jira. Da ita muka koma gidan Aboabo muka ɗauki gafaka ukun da suka tsira, falle 412, cikin Asabar huɗu. Babban ɗan marigayin shi ke miƙo falle, malaminmu ya duba kalmar ƙasan shafi ya tabbatar da jeri, ɗalibi ya danna maɓalli. Guntayen gafaka ta huɗu ma mun jera su a kan baƙin ƙyalle mun ɗauka, ko Allah zai kawo wanda ya haddace abin da ke ciki ya gane ko wane littafi ne. 'Yan uwa na Nima da Tamale da Yendi da Wa da suke da irin wannan akwati a gida, ko suke da tsohuwar kyamara a durowa da ba a amfani da ita, su yi mana magana ta wannan shafi. Za mu aiko da awon katakon da tsayin sandar.